Yara 200 a Asibitin Zana: wa ake tambaya idan annoba ta sauka?

Sanƙarau ɗin 1996 na cikin annoba mafi muni da Arewacin Nijeriya ta gani. Daga hunturu zuwa zafin bazara mutum fiye da 100,000 suka kamu, fiye da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya, kuma yara ne suka fi yawa. A Kano abin ya zo tare da ƙyanda da amai da gudawa. Asibitin cututtuka masu yaɗuwa, wanda Kanawa ke kira Asibitin Zana, ya cika maƙil. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suna ciki suna yi wa marasa lafiya allurar kuloramfenikol kyauta, wato maganin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa amfani da shi idan sanƙarau ya zama annoba.

Cikin wannan hali ne tawagar kamfanin Pfizer na Amurka ta iso Kano da sabon magani mai suna Trovan, wanda a lokacin bai samu lasisi ba. Aka ɗauki yara kusan 200. Rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su seftiriyazon, maganin da aka daɗe da sanin yana warkar da sanƙarau, domin a gwada wanne ya fi. Cikin makonni kaɗan aikin ya ƙare, tawagar ta tattara ta koma gida, annoba kuwa na nan tana ci. Yara 11 suka rasu: 5 daga waɗanda aka ba Trovan, 6 daga ɗaya rukunin. Wasu sun rayu da kurumta, ko makanta, ko shanyewar jiki.

Labarin da ya fi yawo a majalisu shi ne Turawa sun zo sun ba yara guba. Kamfanin kuma har gobe cewa yake bai yi laifi ba: sanƙarau ne ya kashe yaran, shi ne kuma ya nakasa waɗanda suka nakasa, kuma adadin waɗanda suka rayu a hannunsa, kusan 94 cikin 100, ya fi na sauran wuraren jinya a lokacin. In aka tsaya a kan lissafin gawa kaɗai, kamfanin yana da abin faɗa, don kowane likita ya san sanƙarau na kisa yana kuma barin kurumta ko da an ba da magani mafi kyau. Shi ya sa nake ganin duk wanda ya gina ƙorafinsa a kan 5 da 6 ya ɗauko shari'ar ta wajen da ta fi rauni. Tambayar da ta fi nauyi ita ce ko uwar da ta rungumo ɗanta wuyansa a sanƙare ta san gwaji ake yi, kuma ta san cewa a cikin harabar asibitin nan akwai inda za a ba ɗanta sanannen magani ba tare da ta biya ko kwabo ba.

Iyalan da suka kai ƙara sun ce ba a gaya musu ba. Kamfanin ya ce ma'aikatan jinya 'yan ƙasa sun yi wa iyaye bayani da Hausa kuma sun amince da baki, tunda da yawansu ba sa karatun boko. Takardun amincewa masu sa hannu ko dangwale kuwa, ba a iya gabatar da su ba.

Mu ɗauka ma an yi bayanin. Me "na yarda" ke nufi a bakin mutumin da ɗansa ke suma a hannunsa? Hausawa sun ce wanda ya faɗa rijiya, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Masu nazarin ɗa'ar aikin lafiya sun daɗe da gano wannan matsala: marar lafiya na ɗaukar duk mai farar riga a matsayin mai neman warkar da shi, alhali mai bincike yana da wata manufa ta daban, wato samun amsar tambaya. Likita na zaɓar maganin da ya ga ya fi dacewa da yaron da ke gabansa. A gwaji kuwa ƙuri'a ce ke zaɓa, kuma haka tsarin yake, ba aibi ba ne in mutum ya sani ya yarda. Aibin yana zuwa ne idan ba a rarrabe masa ba. Kuma a al'adarmu, inda talaka ke durƙusa wa likita yana cewa "ranka ya daɗe, yadda ka ce," gyaɗa kai ba shaida ba ce ta fahimta. Mace da aka tarbiyyantar da ita a kan kada ta yanke hukunci a kan ɗa sai da izinin maigida, ga maigida can a gona ko kasuwa, ga baƙo da tafinta suna jiran amsa yanzu-yanzu, ta yaya za ta ce a'a? Annoba ba ta ɗauke wajibcin neman yarda. Ƙara masa nauyi take yi, saboda a lokacin ne ƙarfin cewa a'a ya fi ƙaranci.

Saboda sanin haka ne aka sa wani shinge kafin a isa ga iyaye, wato kwamitin ɗa'a na asibiti, wanda aikinsa shi ne duba tsarin bincike ya ce a yi ko kada a yi. A nan ma labarin Kano bai yi daɗi ba. Takardar izinin da aka nuna wa hukumar kula da magunguna ta Amurka na ɗauke da kwanan watan Maris 1996 da sunan Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, amma daga baya ya fito cewa a wancan lokacin asibitin bai ma kafa kwamitin ba, kuma an rubuta takardar ne bayan an gama gwajin aka mayar da kwanan wata baya. Akwai kuma batun seftiriyazon: an rage yawan wanda ake ba yaran ƙasa da abin da aka saba. Masu ƙara suka ce an yi hakan ne don Trovan ya fito da kyau a kwatance, kamfanin ya ce don rage zafin allura ne kuma adadin ya wadatar. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi ya kammala aikinsa a 2001, ya kuma yanke cewa gwajin ya saɓa dokar Nijeriya da ƙa'idojin duniya. Rahoton ya kwanta a durowa har 2006, sai da jaridar Washington Post ta samo shi ta buga. Ita ce dai jaridar da ta fara fallasa zancen a Disambar 2000. Kada a manta kuma 1996 zamanin mulkin soja ne na Janar Sani Abacha, babu majalisar da za ta kira kowa ya yi bayani. Kamfani daga waje ba ya shiga asibitin gwamnati ya kafa gadaje sai wani na gida ya buɗe masa ƙofa, kuma wannan ɓangaren ne ba mu cika son tattaunawa ba.

Ƙa'idojin ba sababbi ba ne. Tun 1947, bayan shari'ar likitocin Nazi a Jamus, dokar Nuremberg ta sa yardar mutum a sahun farko, sanarwar Helsinki ta 1964 ta faɗaɗa ta. A Janairun 2009 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka, a shari'ar da iyalan Kano suka shigar, ta yanke cewa haramcin gwada magani a jikin mutum ba da yardarsa ba ya kai matsayin dokar ƙasa da ƙasa da za a iya kai ƙara a kanta. Masu karatun lauya a ƙasashe da dama na karanta wannan hukunci, sunan da ke kansa kuwa Abdullahi ne.

To amma akwai wani gefe da bai kamata fushi ya rufe mana ido a kansa ba. Ba a gano maganin sanƙarau sai a jikin mai sanƙarau, kuma ba a samun masu shi da yawa sai lokacin annoba. Wanda ya ce kada a taɓa yin bincike a kan talakawa ko yara ko mata masu ciki, ya yanke musu hukuncin zama da magungunan da ba a san aikinsu a jikinsu ba. Tunanin samar da maganin sanƙarau na haɗiya irin Trovan, wanda ba ya buƙatar allura da ƙwararren ma'aikaci, tunani ne mai amfani ga ƙauyukanmu, kuma da shi kamfanin ya kare kansa. Abin dubawa shi ne wa zai ci moriyar abin da aka gano. Trovan ya samu lasisi a Amurka a ƙarshen 1997 don manya, ba don yara ba, ba kuma don annobar sanƙarau ba. A 1999 aka taƙaita shi ƙwarai a Amurka, Turai ta dakatar da shi, saboda yana lalata hanta. Kasuwar da aka nufa da shi tana can, haɗarin gwajin kuwa a nan aka ɗauke shi.

A kwatanta da rigakafin sanƙarau mai suna MenAfriVac. Ƙasashen yankin sanƙarau, daga Senegal zuwa Habasha, su ne suka faɗi farashin da za su iya biya, aka haɗa shi a kamfanin Serum Institute na Indiya a kan ƙasa da rabin dala kowace allura, aka gwada shi a ƙasashe irin su Mali da Gambiya, aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar a ƙarshen 2010, Nijeriya ta bi a 2011. Nau'in sanƙarau na A, wanda ya yi ɓarnar 1996, kusan ya ɓace daga yankin. Shi ma a jikin 'ya'yan talakawa aka gwada shi. Bambancin shi ne 'ya'yan talakawan ne aka yi shi dominsu. Haka rigakafin Ebola da aka gwada a Gini a 2015 ana tsakiyar annoba, shi ne daga baya aka yi amfani da shi a gabashin Kwango. Wato gaggawa ba ta hana a bi ƙa'ida in an so.

Batun diyya ya ƙara dagula zukata. Gwamnatin Kano da ta Tarayya sun kai ƙara a 2007, suna neman biliyoyin daloli. A 2009 aka sasanta da Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba: miliyan 35 ga waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 ga ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 kuɗin shari'a. Sai mutum fiye da 500 suka fito neman haƙƙi a gwajin da aka yi wa 200. Aka ce sai an yi gwajin ƙwayoyin halitta na DNA don tantancewa. Ta fuskar lissafi hujja ce mai kyau. Ta fuskar iyalan kuwa, an sake cewa su miƙa jikinsu a ɗibi wani abu a kai wani wuri, kuma wasu suka ƙi. Sai a Agustan 2011, shekara 15 bayan annobar, iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne. Da tun farko an rubuta sunaye da unguwanni yadda ya kamata an kuma ba kowace uwa takarda a hannu, da ba a kai ga wannan ba. Neman yarda a rubuce ba kare mai bincike kaɗai yake yi ba, shi ne shaidar talaka ranar da zai nemi haƙƙinsa.

Ana yawan cewa Trovan ne ya haifar da ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003. Wannan ya yi sauƙi da yawa. Akwai yaƙin Iraƙi da aka fara a Maris na shekarar, da jin cewa Amurka ta sa Musulmi a gaba. Akwai tsohon zargi tun tsarin ƙayyade iyali na zamanin Babangida a 1988, mai cewa 'ya'ya huɗu ga kowace mace. Akwai siyasar Kano da Abuja. Amma lokacin da Dakta Datti Ahmed, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'a a Nijeriya a lokacin, da wasu malamai suka ce an gurɓata rigakafin da sinadarin hana haihuwa, kuma gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da shi, jama'a na da misali a hannu da za su nuna, a cikin garinsu, ba a littafi ba. Zargin ba gaskiya ba ne, rigakafin bai hana kowa haihuwa ba. Kano ta dawo a Yulin 2004 da wanda aka sayo daga Indunusiya. Kafin a farga cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20, a Nijeriya kuma yaran da ta shanye suka tashi daga kusan 200 a 2002 zuwa sama da 1,100 a 2006. Waɗanda ke tura keken guragu a titunan Kano yau, da yawansu 'ya'yan wancan lokacin ne, kuma ba 'ya'yan masu yanke hukuncin ba ne.

Akwai wata tambaya da iyaye suka riƙa yi a ƙofar gida wadda na ɗauka ta fi duk jita-jitar ƙarfi: me ya sa ake bin mu gida-gida da ɗigon shan inna kyauta, amma in zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda ya kama yaro muka je asibiti sai a rubuta mana takarda mu saya? Wannan ba jahilci ba ne. Mutum ne ya lura cewa cutar da ke tsorata duniya ake kashe wa kuɗi, wadda ke kashe ɗansa shi kaɗai ta dama. Aikin bai gyaru ba sai da aka saurari wannan ƙorafi: sarakuna ƙarƙashin Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar suka shiga ciki sosai daga 2009, waɗanda cutar ta shanye suka fito suna yi wa iyaye magana da bakinsu, aka kuma kafa sansanonin lafiya a unguwanni inda ake duba wasu cututtukan a ba da magani tare da ɗigon. Duk da haka sai da aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano a Fabrairun 2013. Aka ga yaro na ƙarshe da shan inna ta asali ta kama a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da cutar ta asali ranar 25 ga Agusta 2020.

A shekarar 2020 ɗin ce kuma muka yi namu, ba tare da wani kamfanin waje ba. Korona ta ɓulla a Kano cikin Afrilun 2020, gwamnonin Arewa suka yanke shawarar rufe tsangayu da mayar da almajirai jihohinsu na asali. Aka riƙa loda yara a motoci, wasu ba su kai shekara goma ba, ana kai su iyakar jiha ana miƙa wa jami'an maƙwabta, ana tsakiyar azumi, a daidai lokacin da ake hana kowa tafiya tsakanin jihohi. Kaduna da Jigawa suka gwada waɗanda aka kawo musu suka samu gommai ɗauke da cutar. Ko a tsangaya suka kamu, ko a cikin mota, ko a sansanin da aka tara su, sakamakon ɗaya ne: matakin da aka ce na kare lafiya ne ya ɗauki cuta daga birni ya kai ta ƙauyukan da ba su da ko ɗakin shan magani mai kyau. Abin mamaki, hadisin da kowane almajiri zai iya ji a bakin malaminsa, wanda Bukhari da Muslim suka rawaito, cewa yake in annoba ta sauka a garin da kuke kada ku fita, in kun ji ta a wani gari kada ku shiga. Da shi Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham. Ilimin lafiya na zamani bai saɓa masa ba: a killace mutane inda suke, a ciyar da su, a gwada su.

Ba ina cewa barin yaro yana yawo da roba gida-gida a lokacin annoba daidai ba ne. Dokar kulle da kanta ta yanke masa abinci, tunda gidajen da yake bara da kasuwar da yake dako duk a rufe suke, don haka dole a yi wani abu. Amma hukuma na da damar tauye 'yancin mutum don kare jama'a ne bisa sharuɗɗa: matakin ya kasance zai yi aiki, ya kasance babu wanda ya fi shi sauƙi, kada ya ware wani rukuni saboda rauninsa, kuma wanda aka ɗora wa nauyin a biya shi da kulawa. In ka ce mai tura baro ya zauna a gida don kada ni mai albashi in kamu, to abincinsa ya hau kan gwamnatin da ta ba da umarnin. A auna kwashe almajirai da waɗannan sharuɗɗa a gani ko ya tsallake ko ɗaya. Cutar ta jirgin sama ta shigo, tare da masu fasfo, amma hoton da ya zauna a zukatan mutane na mai yaɗa ta shi ne yaro mai allo. A makonni biyun farko na kullen, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta bin doka, adadin da ya zarce wanda cutar ta kashe a ƙasar zuwa lokacin. Kayan tallafin da aka ce na talakawa ne kuma, da yawa sai a Oktoba aka gan su, lokacin da jama'a suka fasa rumbuna a jihohi da dama.

A takarda an samu ci gaba tun bayan 1996. Akwai kundin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa na 2007 da kwamitin ƙasa da ke sa ido a kai, akwai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 wadda ta ce ba a bincike a kan yaro sai da yardar mahaifi ko waliyyinsa, kuma asibitocin koyarwa yanzu suna da kwamitocinsu na gaske. A 2023 aka kafa hukumar ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabon rigakafin da ke kare nau'i biyar na sanƙarau, bayan nau'in C ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato a 2017.

Sai dai dokar ta ɗauka kowane yaro yana da mahaifi a kusa da za a tambaya. Almajirin da ke tsangaya a Kano, mahaifinsa na wani ƙauye a Jigawa ko can Damagaram, wa zai amsa a madadinsa ranar da aka zo da rigakafi, ko gwaji, ko motar kwashewa? Malaminsa, wanda aka ba amanar karatu kuma yake da yara ɗari a gabansa? Mai unguwa? Gardin da ke kula da su? A aikace malam ake tambaya in an ga dama, in ba a ga dama ba a ce umarnin gwamnati ne. Haka yake ga marayun sansanonin gudun hijira a Borno da Zamfara, da yaran da ke tsare a gidajen kangararru. Rajistar tsangayu mai sunan kowane yaro da garinsu da lambar wayar wani nasa, aiki ne da ƙananan hukumomi da masu unguwanni da malamai za su iya yi cikin damina ɗaya, kafin hunturu ya kawo lokacin sanƙarau.